Hoton furofayil na ɗigo-ɗigo: me ya sa yake dagulewa idan an ɗora shi?

Mai gungura allon waya ba ya tsayawa karanta suna. Ɗan da'irar nan da ke gefen sunan ce idonsa ke fara kamawa, kuma da launinta da siffarta yake gane mai magana. Shi ya sa masu son a san su ba tare da sun nuna fuska ba suke komawa ga zanen fiksel, wato hoton da ake ginawa ɗigo bayan ɗigo irin na tsofaffin wasannin bidiyo. Asalin salon dole ce ta haife shi. Game Boy, ƙaramar na'urar wasan bidiyo da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989, allonsa fiksel 160 ne a faɗi, 144 a tsayi, launi huɗu kacal. Yau abin ya koma ado, har hotunan fuskoki na dijital guda 10,000 da ake kira CryptoPunks, waɗanda suka fito a 2017, fiksel 24 ne sau 24 kowanne.

Matsalar ita ce a zana abu tsaf-tsaf a manhajar zanen fiksel kamar Aseprite ko Piskel, a ɗora, sai ya fito dishi-dishi kamar an zuba masa ruwa. Yawanci zanen ba shi da laifi, lissafi ne aka tsallake.

A fara da girma. Dandalin X (Twitter a da) yana ba da shawarar hoto mai fiksel 400 sau 400. Idan ka yi zanenka a 32 sau 32, wanda shi ne aka fi sabawa da shi, 400 a raba da 32 zai ba ka 12.5, kuma babu rabin fiksel a duniya. Sai wasu ɗigogin su fito da faɗin 12, wasu 13, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Mafita biyu ce. Ko ka zana a girman da ke shiga 400 daidai, kamar 40 da za a ninka sau 10, ko 50 sau 8, ko 25 sau 16. Ko kuma ka ninka 32 ɗin sau 12 ya zama 384, ka ƙara fili mai launin bango fiksel 8 a kowane gefe.

Wajen ninkawar ma akwai tarko. Manhajojin gyaran hoto an gina su ne don hoton kyamara, saboda haka idan za su ƙara girma sai su gauraya launin ɗigo da na maƙwabcinsa don ya yi laushi. Wannan laushin shi ke kashe zanen fiksel. Nemi zaɓin da aka rubuta Nearest Neighbor, a manhajar GIMP kuma None ake ce masa. Shi kwafin ɗigon kawai yake yi, ba ya ƙirƙiro launin da ba ka sa ba.

Sai batun JPEG, wato tsarin ajiye hoto da ke matse shi don ya rage nauyi, inda aka fi shan wahala. Tsarin yana yanka hoto gida-gida, fiksel 8 sau 8, ya zubar da bayanan da yake ganin ido ba zai lura ba. A hoton fuska ko na gajimare wannan ba ya nuna kansa. Amma inda baƙin layi ya haɗu da fari kai tsaye, sai ka ga wata ƙura-ƙura ta kewaye layin. Ƙari a kan haka, sau da yawa yana rage bayanan launi zuwa rabi a faɗi da tsayi, ya bar na haske yadda yake. Ja mai ƙarfi shi ya fi jin jiki, sai ya riƙa zuba cikin abin da ke kusa da shi. Don haka a ajiye da tsarin PNG, wanda ba ya zubar da komai, kuma a rage zafin jan kaɗan tun wajen zane. Wasu shafukan za su mayar da shi JPEG ko ka so ko ka ƙi. A nan ne ninki 8 ko 16 yake da rana, domin kowane ɗigon zanenka zai cika gidan JPEG da launi ɗaya, babu abin da za a gauraya a ciki. Dabarar tana aiki ne kawai idan shafin bai sake canza girman hoton ba. Kuma JPEG bai san bango mara launi ba, zai cike shi da baƙi ko fari, gara ka zaɓi launin bangon da kanka.

Idan wani ne ya zana maka, ya turo a matsayin fayil. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi, ɗaukar hoton allo kuwa ya fi muni.

Da'irar kanta tana cin kusan kashi 21 cikin ɗari na murabba'in, duk daga kusurwoyi. A zane mai 40 sau 40, abin da ke da tabbacin tsira shi ne 28 sau 28 na tsakiya. Kunnuwan mage, ƙahoni, bakin hula, su ake fara yankewa.

A ganina launi 8 zuwa 12 sun wadatar da fuska ɗaya. Mayar da zanen toka-toka ka duba, idan fuska da bango suka zama abu guda, to haskensu ɗaya ne, kuma a ƙaramin girma za su haɗe. Wancan salon jera ɗigogi masu launi biyu kamar allon dara don yin inuwa yana da kyau a babban hoto, amma da an ƙanƙantar da shi sai ya zama datti. A irin wannan girman ido bai wuce ɗigo biyu ko huɗu ba. Sauke ɗigon gira ɗaya ƙasa ta wajen hanci, fuskar ta ɗaure. Ɗaga ɗigon ƙarshen baki sama, ta yi murmushin mugunta.

Mai son sauya hoto lokaci-lokaci ya riƙe abu biyu kada ya taɓa su, launin bango da siffar kai, don da su mabiyansa suke gane shi. Riga, tabarau da yanayin fuska duk za su iya canzawa. Kafin ɗorawa, rage hoton zuwa fiksel 40 a waya, ka dube shi a kan farin allo sannan a kan baƙi, tunda ba ka san wanne mai kallo yake amfani da shi ba.