Ruwa Ne Ke Tsara Mini Lokacin Ɗaukar Hoto

Ina yawan taka sayyada a bakin teku da kyamara a wuya, wani lokaci waya kaɗai. Kafin in sa takalmi, jadawalin cikar ruwa nake fara dubawa.

A yawancin gaɓoɓi, teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya. Tsakanin cika da janyewa akwai kamar awa 6, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata da rana ne ke jan ruwan, shi ya sa a tsayuwar wata da daren sha huɗu, lokacin da jan nasu ke haɗuwa, cikar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. Wurin da na ɗauka jiya ruwa na marin katanga, gobe sai in tarar da kwale-kwale kwance cikin taɓo, ƙafafun gada a fili. Janyewar na fi so. Jiƙaƙƙen yashi yana dawo da hoton sama da benaye kamar madubi, ga ƙananan kududdufai da ke cike gaban hoto.

A bakin ruwan birni kuwa, ina jiran almuru. Minti 20 zuwa 30 bayan faɗuwar rana, an kunna fitilu amma sama ba ta yi baƙi ba, hasken biyu ya daidaita. A lokacin nake ɗora kyamara kan katanga, in bar ta ta ɗauka na daƙiƙa 2, ruwa ya kwanta luf. Idan fashewar igiyar ruwa nake so, sai in koma ɗauka cikin 1/500 na daƙiƙa. Tsakar rana ba ta ba ni komai sai ƙyalli.

Layin da sama ta haɗu da ruwa dole ya miƙe sak. Ko kaɗan ya karkata, ido zai kama.

Gishiri yana taruwa a gilashin kyamara. Nakan hure yashin tukuna, sannan in goge da kyalle mai laushi, don kada ya karce. Ba na taka dutsen da ya yi gansakuka, ba na ba teku baya. Masunta, sai na yi musu sallama na nemi izini. Kusa da tashar jiragen ruwa ko sansanin sojan ruwa, inda sau da yawa an hana ɗaukar hoto, kyamarar tana komawa jaka har in wuce shingen.