Humra da turaren wuta: aikin da ke cikin kwalba marar tambari

A Maradi, turaren da ya fi kama jiki sau da yawa ba shi da kwali, ba shi da sunan kamfani. Daga ɗakin mai haɗa humra yake fitowa, sana'ar da Barebari da Larabawan Shuwa suka yi fice a kanta, tun daga Borno da Diffa har Cadi da Sudan. Takaici ne a ga ana yi wa waɗannan mata tayin wulaƙanci, alhali yawancin kuɗin ladan wahala ne.

A dubi farce kaɗai, ɗaya daga cikin kayan haɗin humra. Murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, ana kawo shi daga wajajen Bahar Maliya, kuma ɗanyensa ƙarni gare shi. Sai an jiƙa shi a ruwan zafi, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da wuƙa a kankare ragowar naman da ya manne, a wanke da lemun tsami, a shanya ya bushe ƙarau. Sannan a soya a kasko da wuta kaɗan har ya yi ja, a daka, a tankaɗe. In an yi ha'inci wajen kankara, ƙarnin zai taso bayan an rufe kwalba, ya ɓata haɗin duka. In wuta ta yi yawa, ƙauri ne, kuma babu madarar turare, wato man turare tsantsa, da ke ɓoye shi. Amfanin farce shi ne riƙe ƙamshi, shi ya sa humra mai kyau ke kwana a mayafi.

Garin nan ake haɗawa da sandal, miski, ɗan kanumfari, madarar turare da ruwan turare, a zuba a kwalbar gilashi, a toshe, a ajiye a duhu ana girgizawa, daga mako 2 zuwa wata guda. Roba ba ta yi, tana shan ƙamshi kuma tana sa nata warin. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana lalata kwalbar da aka bari bakin taga.

Turaren wuta ya fi sauƙi. Kowace mai haɗi da awonta, amma kofi 3 na itace, sandal ko hawi ko gab-gab, da kofi 1 na sukari da rabin kofin ruwa ya isa a fara. A narkar da sukarin, a juye itacen, a yi ta juyawa har ya shanye. Madara mai tsada sai an sauke ya huce, don zafi na korar ta. Sukari in ya zarce, garwashi zai ba da hayaƙi mai yaji.

Maganar oud kuwa, a yi hattara. Daga itacen Aquilaria na Indiya da kudu maso gabashin Asiya ake samunsa, kuma sai bishiyar ta kamu da cuta take fitar da ƙaron mai ƙamshi. Tun 1995 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa ido kan cinikin wani nau'insa. Don haka tsantsarsa na da wuyar samu, mai gaskiya za ta ce miki nata haɗi ne, kuma wannan ba aibi ba ne.

Kafin ki sayi babbar kwalbar humra, ki karɓi ƙarama ta mil 3 ko 6. Ki shafa a wuyan hannu, ki ba shi rabin awa kafin ki yanke hukunci, don ƙamshin farko na ruwan turare ne mai saurin tashi. Ki tambayi ranar da aka haɗa. In bai kai mako 2 ba, ki bar shi a rufe a gida ya ƙarasa tsimuwa.