Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ido Ba Mudu Ba

Makon jiya na tsaya a ranar da Yaya ya riƙe hannuna ya kai ni shagon Maigida a Sabon Garin Zariya. Shekarar 1984 ce, ba na mantawa, don a shekarar aka yi canjin kuɗi. Mu biyar ne yaran shago. Maigida yana rubuta allunan shaguna, yana zana kawuna wa masu aski, yana yi wa bodin manyan motoci zaki da dawisu. Mu kuwa namu wanke burushi da kananzir da ɗauko fenti.

Sai bayan La'asar muke samun kanmu. Takardar buhun siminti muke yankawa, gawayi mu roƙa wurin mai shayi, don fensir mai laushi irin 6B sai ɗan gata. Fuskar da muka fi kwaikwaya ita ce ta Tafawa Ɓalewa a jikin naira biyar. Ta Murtala da ke kan naira ashirin sai ranar da aka biya Maigida kuɗin aiki ya ba mu aro, yana tsaye a kanmu. In an gama, kowa ya jingina nasa a bango, a bi ɗaya bayan ɗaya. Doka guda ce: ba ka cewa "bai yi ba" sai ka ɗora yatsa inda bai yi ɗin ba.

Nawa kullum a kan idanu ake ɗora yatsa, wai na kai su goshi. Na yi musu har da rantsuwa. Maigida ya zaro tsinken tsintsiya, ya zaunar da wani a cikinmu, ya auna daga tsakar ka zuwa haɓa, ya karya tsinken gida biyu daidai. Sai ga idanu a tsakiya cif. Ya nuna mana tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne, kunne kuma daga gira yake farawa ya ƙare daidai ƙasan hanci. Sannan ya jefar da tsinken ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ku yi ta aune har idonku ya daina buƙatar tsinke." Shekara arba'in ke nan, ban taɓa ɗaukar gawayi ban ji maganar nan a kunnena ba.

Akwai wani ɗalibin sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke zuwa daga Samaru sayen kaya, yakan zauna da mu. Shi ya koya mana miƙe hannu da fensir, a rufe ido ɗaya, a auna mutum da babban yatsa, ya ce tsayin baligi kusan kai bakwai da rabi ne. A bakinsa na fara jin sunan Yusuf Grillo da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, da ƙungiyar masu zane da suka kafa a Zariya a 1958 suna ɗalibai. Abin ya tsaya mini a rai: a garina aka yi wannan, mu 'yan gari ba mu da labari. Ya riƙa tura mu tashar mota mu zana 'yan dako, waɗanda ba za su tsaya maka ba, dole ka kama karkatar kafaɗa da lanƙwasar baya kafin su wuce. Yaran yanzu da ke kwafar hoto daga waya sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, amma in ka zaunar musu da mutum mai numfashi, hannunsu rawa yake.

To, ga abin da ya sa na ɗauko wannan kashi. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Sai na riƙa zama nesa da ita tana tsintar shinkafa, ina zana ta a ɓoye. Wata uku ina yi. Da na jingina a bangon shago, abokina, wanda ya sha cin tuwo a gidanmu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tsohuwa ce mai kyau, amma ba Innarku ba ce." Na ji kamar in shaƙe shi. Ya ɗora yatsa: idonta na hagu ya fi na dama ƙanƙanta, kanta a karkace yake in tana sauraro, billenta kuma ya fi haka sauka. Gaskiya ya faɗa. So ne ya sa nake gyara mata fuska, na bar abin da idona ya gani. Ido ya san kima, ni ne na ƙi ji. Na sake daga farko, har ranar da duk su huɗun suka yi shiru a gaban takardar.

Sati biyu zanen ya yi a ƙarƙashin tabarmata. Kawu ya gani, ya yayyaga shi a tsakar gida, a gaban ƙannena, yana cewa mai zana abu mai rai za a ce ya hura masa rai ranar gobe. Na san ba shi ya ƙirƙiri maganar ba, na ji ta a bakin malamai, kuma ina girmama ta. Amma da ya kira ni zaure ya yi mini nasiha, da ni da hannuna zan miƙa masa. Shi ɗin ne kuma bayan shekaru ya dawo daga Makka ya rataye hotonsa da firam a ɗakinsa. Allah ya jiƙansa, na yafe, amma ban manta ba, kuma 'ya'yansa da ke karanta wannan sun san ba ƙarya na yi masa ba.

Inna ta rasu a 1991. Na gwada sake zana ta ya fi sau ashirin. Billen yana zuwa, idon hagu yana zuwa, bakin ne ya ƙi. Abokin nan nawa da zai ɗora mini yatsa, tun da ya koma Jos ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na bar shagon Maigida na tafi Kaduna.