Lahadi, 19 ga Oktoba 2025: abin da aka sanar a coci yau

Sujada ta yi tsawo yau. Bayan baiko Rabaran ya ce kowa ya zauna, akwai maganar da ya kamata mu ji daga bakinsa kafin mu tsince ta a Facebook. Ranar Alhamis Akbishop Laurent Mbanda na Ruwanda, shugaban GAFCON, ƙungiyar coci-cocin Angilika masu riƙe da koyarwar gargajiya, ya fitar da sanarwa cewa sun daina bin jagorancin kujerar Kantabari, wato babban Akbishop na cocin Ingila, da taron Lambeth na bishop-bishop ɗin Angilika na duniya, kuma bishop-bishop ɗinsu za su haɗu a Abuja a watan Maris mai zuwa. Wannan ya zo ne mako biyu bayan an bayyana Sarah Mullally a matsayin wadda za ta gaji Justin Welby a kujerar Kantabari. Wasu suka tafa, 'yan zumuntar mata na bayana suka ce amin da ƙarfi. Ni dai hannuna bai ɗagu ba.

Da muka tashi na biya gidan Kawu da kunun gyaɗa. Ya shafe shekaru yana aikin katikis kafin ƙafa ta zaunar da shi, kuma rediyonsa ya riga ni kai masa labari.

"Kawu, ashe an raba gari."

"'Yata, ai garin ya daɗe da rabuwa, yau ne dai aka yi shela."

Ya shiga lissafo mini yadda abin ya faro. A 2003 Amurkawa suka naɗa Gene Robinson bishop na New Hampshire alhali yana zaune da namiji ɗan'uwansa. A 2005, zamanin Akbishop Peter Akinola, ikilisiyarmu ta Najeriya ta cire sunan Kantabari daga kundin tsarinta. A 2008 bishop-bishop ɗinmu suka ƙi zuwa Lambeth, suka nufi Urushalima aka kafa GAFCON. A 2022 ma Najeriya da Yuganda da Ruwanda ba su je ba. Da majalisar cocin Ingila ta yarda a Fabrairun 2023 a riƙa yi wa masu zaman jinsi ɗaya addu'ar albarka, Kawu ya ce a ranar ya san babu sauran gyara.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Wusasa. Can aka yi masa baftisma, a cocin ƙasan nan da aka gina irin ginin Hausa. Ya ce Likita Miller da 'yan CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, ne suka sha wahala har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kakanninmu suka karɓa, danginsu suka juya musu baya saboda shi, yanzu kuma jikokin waɗanda suka kawo littafin suna cewa a sake karanta shi wani iri. Ya ƙara da wani abin da wanda ke zaune a Landan ba zai gane ba: duk ranar da rediyo ta ce cocin Angilika ta amince da auren jinsi, mu ne maƙwabtanmu Musulmi ke tara da tambaya a kasuwa, ba su raba cocin Ingila da namu. Wannan gaskiya ne, ni ma an tare ni a wurin aiki.

A kan aure ina tare da Kawu, namiji da mace ne, haka na karanta, haka na gaskata. Amma na ce masa akwai abin da ke damuna. Ƙudurin nan na Lambeth na 1998 mai lamba 1.10, wanda bishop 526 suka goyi baya 70 suka ƙi, wanda shugabanninmu ke kafa hujja da shi kullum, ya ce luwaɗi bai dace da Nassi ba. Sai dai a cikinsa kuma an yi alkawarin sauraron waɗannan mutane, an ce a tabbatar musu Allah yana ƙaunarsu, an kuma yi tir da tsoronsu marar dalili. Tun ina yarinya nake jin kashin farko daga bagade. Kashi na biyu sai da na nemo takardar da kaina na gan shi.

Kawu ya ce Turawa ne suka fara karya ƙudurin. Na yarda. Amma su sun zubar da rabi, mu ma mun zubar da rabi. A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, manyan coci suka yi maraba da ita. Bishop Josiah Idowu-Fearon na Kaduna ya ce bai goyi bayan ɗaure mutane a kan wannan ba, duk da yana riƙe da koyarwar aure irin tamu, da aka naɗa shi babban sakataren tarayyar Angilika ta duniya a 2015 sai ikilisiyarsa ta nesanta kanta da naɗin. Bayan shekara kaɗan Akbishop Benjamin Kwashi na Jos ya zama babban sakataren GAFCON. Sakatarorin ɓangarorin biyu duk daga nan Arewa, Kaduna da Jos, amma ana ta ba da labarin kamar Afirka duka bakinta ɗaya. Kenya da Sudan ta Kudu ma suna da bishop mata, mu ko firist mace ba mu naɗawa.

Daga nan na faɗa masa abin da ya hana ni tafi. Akwai wani yaro da muka yi mawaƙa tare, mai murya ƙwarai. Aka fara raɗe-raɗi a kansa, ba wanda ya kira shi ya tambaye shi, sai dai benci ya riƙa yin fili idan ya zauna. Ya daina zuwa, daga baya ya bar garin. Mahaifiyarsa tana zuwa har yau, tana layi na biyu a gabana lokacin da ake tafin nan.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko Rabaran ya taɓa zuwa gidanta. Na ce ban taɓa ji ba. Ya ce in samo ɗan Keke ranar Laraba, ko da sanda ne zai je, ni kuma in raka shi.