Abin da Na Koya a Bakin Kogin Neva Cikin Dare

Duk wanda ke son fahimtar tsarin birnin Saint Petersburg na ƙasar Rasha, shawarata ita ce ya je bakin Kogin Neva bayan faɗuwar rana. Sarki Peter ya kafa birnin a 1703 a kan fadamu da tsibirai, aka jera manyan gine-ginensa suna fuskantar ruwa. Da rana hayaniyar motoci da cunkoson baƙi sukan ɓoye wannan tsari, amma da zarar an kunna fitilu sai ya fito fili.

Na tsaya ne a ƙarshen tsibirin Vasilyevsky, inda kogin ya rabu biyu. A hannun dama ga Fadar Hunturu, wadda mai zanen gine-gine Rastrelli ya gina tsakanin 1754 da 1762, mai launin kore da fari, hasken tagoginta yana rawa a kan ruwa. A hannun hagu kuma ga ganuwar Peter da Paul, da siririyar hasumiyar cocinta mai ruwan zinariya wadda tsawonta ya haura mita 122. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda rufin gidaje ya daidaita, tamkar an ja musu igiya. Wannan ba dace ba ne, domin a 1844 Sarki Nicholas na Ɗaya ya hana gina gidan da zai fi fadar tsawo, shi ya sa hasumiyoyi da ƙubbobi kaɗai ke leƙowa sama. A ganina wannan doka ta fi duk wani adon da ke jikin bango yi wa birnin amfani.

Ƙubbar cocin Isaac, wanda aka kammala a 1858, tana ƙyalli daga nesa. Na daɗe ina kallonta, ina tuna cewa a lokacin da sojojin Jamus suka killace birnin daga 1941 zuwa 1944, sai da aka shafe ta da fenti mai ruwan toka don kada ta zame wa jiragen yaƙi alama. Can bayan ganuwar kuma akwai babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1913, mai shuɗiyar ƙubba da aka kwaikwayo daga hubbaren Sarki Timur na birnin Samarkand a ƙasar Uzbekistan.

Na koyi cewa zaɓen wata yana da muhimmanci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma, kuma shafaƙi ba ya gushewa har gari ya waye, saboda haka fitilun ba sa nuna kyansu sosai, Musulmi kuma yana buƙatar bin jadawalin masallaci don sanin lokacin Isha'i. Ni a ƙarshen Agusta na je, lokacin da duhu ya dawo.

Sai batun gadoji. Jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na dare Gadar Fada takan rabu biyu, kowane ɓangare ya ɗaga sama da fitilun titi a jikinsa, jiragen dakon kaya su bi ta tsakiya. Zirga-zirga ba ta komawa daidai sai kusan ƙarfe biyar, don haka wajibi ne mutum ya tsaya a gaɓar da masaukinsa yake, ya kuma riƙe rigar sanyi mai kauri, domin iskar da ke tasowa daga Tekun Baltik tana ratsa ƙashi ko da a lokacin zafi ne.