Madannin Sport da abin da na so a ce an gaya mini tun da wuri

Ranar Asabar da sassafe ɗan yayana ya ja ni ƙofar gida in ga motar da ya sayo, 'yar Kwatano, ƙofa biyu, mai jan baya. Ya ce, "Baffa, shigo ka ji kukanta." Ko minti ɗaya injin bai yi da tashi ba ya murza madannin yanayin tuƙi zuwa Sport+, sannan ya ɗora yatsa kan madannin nan mai hoton mota da karkatattun layuka biyu a ƙarƙashinta, ya danne bai saki ba har fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod. Na ce me ka kashe? Ya ce abin da ke riƙe motar ne, yana hana ta fitar da ƙarfinta. Duk wannan da waya a hannunsa na hagu, yana ɗaukar allon mota don abokai su gani. Na ce ya kashe injin mu yi magana.

Abin da ya faɗa, ni ma shi na yi shekaru ina faɗa, kuma da shi na yi ta cin kuɗin kaina.

Kuskurena na farko shi ne zaton Sport na ƙara wa inji ƙarfi. A yawancin motoci ba ya ƙara ko doki ɗaya, da doki ake auna ƙarfin inji. Totur ɗin motocin yanzu ba shi da waya mai jan maƙogwaron inji kamar na da. Sensa ce a ƙarƙashin ƙafarka, tana gaya wa kwamfuta iya inda ka taka, kwamfutar ce ke yanke yawan iska da man da za ta bari su shiga. A Comfort, wato yanayin tuƙin yau da kullum, in ka taka kashi uku cikin goma, za ta ba ka abin da bai kai haka ba, a hankali. A Sport, takun nan ɗaya za ta amsa shi kamar ka taka rabi. In ka kai totur ƙasa, duka biyun wuri ɗaya suke tsayawa. Motar ta ƙara saurin amsa maka, shi ke nan, ga kuma asarar da ba a faɗa: tazarar da ƙafarka ke da ita tsakanin "kaɗan" da "da yawa" ta matse. A miƙaƙƙiyar hanya ba komai. A fitar kwana, inda ake son a ɗora ƙarfi sannu sannu, motsin ɗan yatsan ƙafa ya isa ya aika wa tayoyin baya abin da ya fi ƙarfinsu.

Ba laifina ba ne gaba ɗaya, don akwai motocin da maganar ta tabbata a kansu, kuma su muka riƙa ji ana labari. BMW M5 mai silinda goma da ta fito wajen 2005 tana tashi da doki 400, sai ka danna madanni ta sake maka 507. Dodge Hellcat tana da makulli biyu, baƙin yana tsayar da ita a doki 500, jan yana buɗe 707. Amma waɗannan 'yan ƙalilan ne, kuma tawa ba ta cikinsu. Littafinta ma da Jamusanci ya zo, wa zai karanta mini? To, amma da na so da na nema.

Inda Sport ke aikin gaske shi ne giyabos. Motar da a Comfort za ta hau giya ta bakwai ko ta takwas tana tafiya kilomita 80 a awa da allurar inji ƙasa da juyi 1,500 a minti, a Sport za ta tsaya giya biyu ko uku ƙasa da haka, allura na sama da 2,500. Amfanin a bayyane yake: inji na inda ƙarfinsa yake, turbo ta riga ta cika, kana takawa tana tafiya ba tare da jiran ta sauko da giya ba. In ka taka birki za ta sauko da giya da kanta, ta ɗan ɗaga inji don kada tayoyi su yi tirjiya. Wannan shi ne abin da ake so wajen wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya, da kuma gangara irin ta Hawan Kibo, inda inji zai taya birki riƙe mota. Ni kuwa a Sport nake barin ta ko a cunkoson kasuwa. Giyabos mai kuloci biyu, irin DSG na Volkswagen ko PDK na Porsche, ba ya son rarrafe, taka ka saki, taka ka saki, kulocin na ta gogayya yana ɗaukar zafi, balle a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40. Man fetur kuma kamar an huda tanki. A Sport+ canjin giya na zuwa da duka a baya, da gangan aka yi shi haka don direba ya ji daɗi. Dukan nan in ya same ka tsakiyar kwana a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ya isa ya sa baya ya goce.

Sitiyari ya daɗe yana ruɗa ni. Yana yin nauyi a Sport, sai in ji kamar motar ta ƙara manne wa ƙasa. Ashe motar lantarkin da ke taya ka murzawa ce ta rage taimako. Taya ba ta san an yi ba. Haka kukan salansa: wani bawul ne ke buɗewa, wasu motocin ma ta lasifika suke ƙara maka ƙarar a ciki.

Sai shokazoba, inda na fi yin ɓarna. Motar da ke da shokazoba mai canzawa tana da bawul na lantarki da ke matse hanyar mai a cikinsa, ko kuma man da aka cakuɗa da garin ƙarfe wanda ke yin kauri in aka sa masa maganaɗisu, irin wanda General Motors ta fara sa wa Cadillac a 2002 kuma ake samu a Corvette. Sport na taurara shi, mota ta daina kwanciya a kwana, ta daina dungure hanci in an taka birki. Wannan an tsara shi ne don kwalta mai laushi kamar tafin hannu. A hanyar da ta sha faci, mai tudu da kwari, shokazoba mai tauri ba ya barin taya ta bi ƙasa, sai ta riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. Wato a yawancin hanyoyinmu Comfort ya fi Sport riƙo. Ƙara da siririyar taya mai lamba 35 a kan rim inci 19: rami ɗaya, gefen taya ya yi ƙulu, rim ya tsage ta ciki, iska na sauka kullum mai faci na neman ƙusa bai gani ba. Rim uku na kashe kafin in gane. Wani abin kuma, motoci da yawa da ke zuwa na hannu an riga an cire musu shokazoba mai canzawa saboda tsada, an sa na gama-gari, an liƙa ɗan abin da zai ruɗi kwamfuta kada fitila ta kama. Leƙa ka duba ko akwai wayar lantarki da ke shiga jikin shokazobar ko samansa. In babu, madannin ba ya taɓa ƙafafun motarka ko kaɗan.

Duk waɗannan kuɗi suka ci. Wanda ya kusa cin rai shi ne wanda yaron nan ya danne.

Na'urar hana gocewa, ESP a wajen Mercedes, DSC a BMW, PSM a Porsche, ta fara fitowa a 1995, aikin Bosch da Mercedes. Tana karanta saurin kowace taya, da inda ka murza sitiyari, da yadda jikin motar ke juyawa a zahiri. In ta ga inda ka nufa daban, inda mota ta nufa daban, sai ta kama birkin taya ɗaya tak, ta rage wa inji ƙarfi. In baya ne ke fita, ta kama tayar gaba ta waje. In hanci ne ya ƙi shiga kwana, ta kama ta baya ta ciki. Kai birki ɗaya gare ka mai kama huɗu a tare, ba za ka iya wannan ba ko kai wane ne. A irin waɗannan motoci mataki uku ne. Akwai cikakke. Akwai na tsakiya, da ake samu in an taɓa madannin sau ɗaya, DTC ko MDM a BMW, PSM Sport a Porsche, wanda ke barin baya ya fita zuwa wani mizani kafin ya sa hannu. Akwai kashewa ɗungurungum, in an danne na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da mutane ba su sani ba, a BMW da yawa shiga Sport+ kaɗai yana sauke ka zuwa matakin tsakiya, ko ba ka taɓa madannin ba.

Tawa ta juya da ni ne a shataletale, ina giya ta biyu, gudun bai wuce 50 ba, ranar da aka yi ruwan farko. Ruwan farko shi ne mafi sharri, don yana taso da ƙurar rani da man gas ɗin da manyan motoci suka zubar, kwalta ta koma kamar an shafa mata sabulu. Na taka a fita, baya ya wuce ni ta dama, na ɗage ƙafa gaba ɗaya, wanda shi ne kuskure na biyu, don nauyi ya koma gaba, baya ya ƙara sakewa. Ta yi katantanwa ta daki dakalin gefen hanya da tayar baya. Ƙarfen ƙafa ya lanƙwashe, rim ya fashe. Wani mai lemo na zaune taku biyar daga wurin. Na daɗe ina cewa man gas ne ya ja, kuma da gaske akwai man gas a wurin. Sai dai motoci nawa suka bi ta kansa a ranar suka wuce lafiya? Fitilar da ke walƙiya a dashbod, wadda nake jin haushinta ina cewa tana shaƙe mota, ashe duk walƙiya ɗaya gaya mini take taya ta riga ta saki.

Na zauna da niyyar jero wa yaron shawara goma. Da na ga idonsa na kan waya, sai suka koma kaɗan.

Kada ka kashe ESP a kan titin da mutane ke bi. Ko a biki, ko ranar Sallah, ko abokai na ihu. Wasan motar da kuke yi a tsakiyar jama'a ba gwaninta ba ce, wanda ya iya ba ya yi kusa da ƙafar mutane. In motarka na da yanayin da kake haɗawa da kanka, wanda wasu ke rubuta wa Individual, sa inji da giya a Sport in kana so, shokazoba a Comfort, ESP a cikakke. Haɗin da ya dace da hanyoyinmu ke nan.

Kada ka shiga Sport da inji mai sanyi. Allurar ruwa na hawa da wuri, baƙin mai na biyo ta a baya da nisa. Jira mai ya kai wajen digiri 80, in babu ma'auninsa ka ba shi minti goma zuwa sha biyar na tafiya a hankali. Buɗe murfin tanki ka karanta: yawancin waɗannan injina fetur mai lambar inganci 95 ko 98 suke nema, gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa ba lamba a jiki. In man bai kai ba, sensa za ta ji inji na ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja wuta baya, ƙarfin ya ragu ko a wane yanayi kake. Tashin tsaye da ake danne birki da totur a tare kuwa, kuloci da ƙafafun baya ke biyan kuɗinsa, in ka yi ɗaya ka bar ta ta huce da tafiya.

Madannin ba ya ƙara birki. Daga 100 zuwa 140, nisan tsayawa ya kusa ninkawa, don yana hawa ne da gudu sau gudu, kuma a 140 kana cin mita 39 duk daƙiƙa. Man birki DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma yana shan danshi, in ya tsufa yana iya saukowa wajen 155. Ranar da ya tafasa, ƙafarka za ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. A canja shi duk shekara biyu. Na san ba wanda zai yi, kuɗin salansa mai ƙara kuke tarawa.

Na ce kada ka kashe ESP, amma gaskiya sai ka kashe ta wata rana, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin abin da take yi maka ba. Nemi fili mai faɗi da ba kowa, ba turke, ba rami, da izinin mai shi, ka zagaya a giya ta biyu a matakin tsakiya, ka ji lokacin da baya ke fara sauƙi a ƙugunka, ka koyi rage totur kaɗan maimakon ɗagewa, idonka na inda kake son zuwa. Haka in ka kafe a yashi, matakin tsakiyar ne zai fitar da kai, don cikakkiyar ESP za ta yi ta yanke ƙarfi taya na neman juyawa. To amma ku da aka ce fili, sai ku tara mutum hamsin su kewaye ku da wayoyi. Bar shi ma kawai.

Kafin ya tafi na durƙusa na duba tayoyin baya. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ta hagu 2317, mako na 23 a 2017. Ta dama wani kamfani ne daban, zane daban, kuma gefenta ya fara tsattsagewa. Na danna farce a robar, tauri kamar ƙahon sa. Na ce ya sayi biyu sababbi iri ɗaya, girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ya auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, in an yi masa saitin ƙafa ya tabbata an sake saita sensar sitiyari da kwamfuta. Ya ce, "Baffa, ai zanensu bai cinye ba." Na ce ya ba ni makullin, in ya kawo tayoyin ya karɓa. Yana can ya kai ƙarata wajen babansa.