Haruffa uku da suka ɓata mini takardar neman tallafin karatu

Na daɗe ina ɗaukar sifa a matsayin babi mafi sauƙi a nahawun Turanci, kuma ina da dalilina. A Hausa dole ka kula da jinsi da adadi, ka ce farin gida, farar riga, fararen tufafi, alhali a Turanci kalmar "white" ba ta sauyawa ko sunan tilo ne ko jam'i. Wannan sakankancewa ce ta hana ni ba wani ya duba mini takardata lokacin da na nemi tallafin karatu.

A cikinta na rubuta "I am very interesting in this programme", har sau uku a shafi ɗaya, domin ina so masu tantancewa su ga irin ƙwaɗayin da nake da shi. Sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito babu nawa. Bayan makonni na kai wa wata tsohuwar malamata kwafin, ta ɗauki jan biro ta zagaye kalmar a wurare ukun, sannan ta ce: "Ɗana, kai kana nufin karatun ya ba ka sha'awa, amma abin da ka gaya musu shi ne kai ne abin sha'awar." Har yau idan na tuna jajayen da'irorin nan sai raina ya sosu, domin wata guda na yi ina gyaran takardar, ina auna kowace jimla.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Hausa ta riga ta bambance mini waɗannan ma'anoni biyu tun ina yaro. Muna cewa mai ban tsoro da mai jin tsoro, mai ban haushi da mai jin haushi, kuma ba Bahaushen da zai rikita su. Sifar da ta ƙare da "-ing" ita ce ta "ban", wato abin da ke haddasa yanayin, ita kuwa mai "-ed" ta "jin" ce, wato wanda yanayin ya sama. Saboda haka "frightening" da "annoying" suna siffanta abin da ya tsorata ka ko ya fusata ka, "frightened" da "annoyed" kuma suna siffanta kai kanka. A makaranta an sa mu haddace yadda ake jera sifofin Turanci, ra'ayi kafin girma, girma kafin shekaru, launi kafin asali, amma ba a taɓa nuna mana wannan ba, ko da yake kuskuren jeri kunne kawai yake damu, wannan kuwa ma'ana yake juyawa.

Yanzu duk lokacin da zan rubuta irin wannan sifa, sai na fara faɗin jimlar da Hausa a zuciyata, in saurara ko "ban" zan ji ko "jin". Da na sake neman tallafin, "interested in" na rubuta, kuma sai da na ba mutum biyu suka karanta kafin in tura.